Ginin ɗakin iguwana a Damagaram: yadda aikin ke tafiya

12 ga Oktoba, 2024

Iguwanar da ƙanena ya bar mini amana kafin ya koma Kwatano, wato wani irin babban koren ƙadangare, ta fi ƙarfin akwatin gilashin da ta zo a ciki. Daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya ta haura mita ɗaya, akwatin kuwa bai kai haka ba, sai ta naɗe wutsiya take samun kwanciya. Kan hancinta ya fara saɓulewa saboda yawan dungurar gilashi. Na ƙudura zan gina mata ɗaki na sosai a tsakar gida, in riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya. Dalilin rubutun shi ne, kusan duk abin da na karanta kan kiwonta mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, su da kullum neman zafi da haske suke yi. Mu nan rana Allah ya hore mana ita. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne laimar iska da ruwa.

Asalin wannan dabba dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, daga Meziko har Barazil. A kan bishiyoyin bakin kogi take rayuwa, in ta tsorata ta saki reshe ta faɗa ruwa. Babba takan kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kashi biyu cikin uku duk wutsiya ne, kuma in ta samu kulawa tana yin shekara 15 zuwa 20. Ke nan ɗakin da zan gina dole ya ɗauki jikin da za ta yi nan gaba.

Maƙwabta sun ɗauka guza ce, har wata ta kwashe ƴan tsakinta daga jikin katangarmu. Wasu kuma don kirki suna kawo mata fara da ƙwai. Iguwana ganye take ci da fure da ɗan ƴaƴan itace. Nama da ƙwai da ƙwari suna sa ta girma da sauri, daga baya su lalata mata ƙoda. Tana cikin rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato ba a tsallaka iyaka da ita sai da takardu, kuma nata suna hannuna. Ba na kwaɗaita wa kowa ya je nemo irinta, don ƙasarmu ba tata ba ce. Amma tunda tana gidana, hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu ya ishe ni gargaɗi. Wanda ya tsare rai, haƙƙin ran yana wuyansa.

20 ga Oktoba

Makon nan ko ƙusa ban saya ba, inuwa nake bi. Da hantsi, da azahar, da la'asar, ina zana iyakar inuwar katanga a ƙasa da gawayi.

Sai dai inuwar Oktoba ba ita ce ta duk shekara ba. Damagaram tana kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. A Disamba rana takan karkata kudu, da tsakar rana tsayinta bai fi digiri 53 daga ƙasa ba, shi ya sa take kutsowa ƙarƙashin rumfa. A ƙarshen Afrilu tana tsaye cak a kan kai. Daga Mayu zuwa Yuli ma har takan ɗan leƙa arewa. Wannan ya yi mini daidai: in na buɗe ɗakin ta kudu na rufe samansa, ranar hunturu za ta shiga ta ɗumama shi, ta bazara kuma rufi ya tare ta.

Na zaɓi kusurwar arewa maso yamma, inda katangu biyu suka haɗu, kusa da bedin da ke tsakar gida. Katangar yamma za ta tare ranar la'asar, wadda ita ce mai ƙuna. Ta arewa za ta rage iskar hunturu. Gabas ce ta fi ba ni tunani. Ta nan ranar safe take fitowa, wadda dabbar ba ta iya yi sai da ita. Ta nan ɗin kuma, arewa maso gabas, hunturu ke kwaso ƙura, kuma hadarin damina daga gabas yake taso mana da iskarsa. Abin da na tsayar: rabin ƙasa bulo, sama raga, da asabari da za a riƙa saukewa ana naɗewa.

Hajiya ta so a kai ta can bayan gida wajen garken awaki. Na ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, can rana ba ta isa sai ta take, ita kuwa ta safe take so." Ta ce to Allah ya ba da sa'a. Maiɗakina sharaɗi ɗaya ta kafa, kada ya kusanci madafa da randunan sha, kuma gaskiyarta. Dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsu ko da lafiyarsu ƙalau.

Awo: tsawo mita 3, faɗi mita 2, tsayi mita 2 da santimita 40. Tsayin ya fi komai muhimmanci, don dabbar sama ce.

31 ga Oktoba

Alhamis, na shiga Kasuwar Dole tare da mai walda neman raga. Kai tsaye ya nufi ragar kaji, ya ce, "Malam, ga mai sauƙin kuɗi, kuma ko muzuru ba ya fasa ta." Na nuna masa siririn wayar da yatsa. Iguwana da farce take hawa, duk nauyinta a kan yatsu, irin wannan waya tana yanka su, wani lokaci farce ya maƙale ya cire. Muka zaga har muka samu mai kauri wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, ramukanta ƙanana yadda ɓera ba zai shiga ba, kanta kuma ba zai fita ba. Kuɗinta ya ninka, na saya. Ragar sauro ban ko kalle ta ba: farce zai keta ta, kuma tana rage hasken da ake nema.

Gangar jikin ɗakin ƙarfe ne, saboda gara. Katako a ƙasar gidan nan ba ya shekara.

Shawara mafi kyau a yau daga bakinsa ta fito. Ya ce ya taɓa yi wa masu tantabara ɗan zaure mai ƙofa biyu, ka shiga ka rufe ta waje kafin ka buɗe ta ciki. "In ta kufce maka, Malam, katanga za ta hau, kuma yaran unguwa da duwatsu za su tare ta." Na ce a ƙara zauren.

9 ga Nuwamba

An zuba harsashi da daɓe. Baba magini ya ɗaga ƙasan ɗakin sama da tsakar gida da kamar taƙi ɗaya. Bayan daminar bana, wadda ta rushe har tsohon masallacin Birni a watan Satumba, ba wanda ke gardama a kan hanyar ruwa. Daɓen ya ɗan gangara zuwa rariya, daga nan bututu ya bi ƙarƙashin bulo ya faɗa gindin bedi. Ruwan wankin ɗakin ba zai je kan abin da muke ci ba.

Ban zuba yashi ko dusar katako a ƙasa ba. Tana yawan taɓa abubuwa da harshe, in ta haɗiyi irin waɗannan suna toshe hanji. Siminti ne zalla, an ɗan bar shi da kaushi don kada ta zame. A kusurwa ɗaya na sa ya bar rami mai zurfin santimita 60, an kewaye shi da bulo, an rufe da katako. Ya tambaye ni na mene ne, na ce alamunta na mace ne, ranar amfaninsa tana zuwa.

23 ga Nuwamba

Ƙarfe ya tsaya, raga ta hau, an shafa fentin hana tsatsa. Zan bar shi ya sha iska har warin ya fita gaba ɗaya. Duk bakin waya da ya leƙo ciki na sa an lanƙwasa an goge.

Rufin kashi uku na raba shi. Na baya, jikin katanga, kwano ne, da zana a kansa, da wani zanan a ƙarƙashi, an bar sarari tsakaninsu iska na wucewa. Kwano tsirara a Afrilu ba a zama ƙarƙashinsa. Na tsakiya zana ne kaɗai, haske na ɗigowa ta tsakanin kara. Na gaba raga ce a buɗe, rana na sauka kai tsaye.

Mai walda ya kawo shawarar a sa gilashi ko farar roba a gaban, haske ya shiga ƙura ta tsaya. Na ƙi, kuma wannan shi ne abin da nake so duk mai irin dabbar nan ya riƙe. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ake kira UVB. Shi ne in ya taɓa fatarta jikinta ke haɗa bitamin D3, kuma sai da D3 hanjinta ke tsotsar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, daga abinci. Gilashi yana barin haske da zafi su wuce, amma yana tare UVB kusan duka. Iguwanar da ke shan rana ta bayan taga tana jin ɗumi, ƙasusuwanta kuwa suna laushi a hankali. Muƙamuƙi ya kumbura ya yi taushi, ƙafafu su riƙa rawa, baya ya karkace, ƙashi ya karye ba tare da ta faɗi ba. Wannan ciwo yana cikin waɗanda suka fi addabar iguwanar gida a ko'ina. A Turai da Amurka ƙwan lantarki na musamman suke saye don shi, su sauya shi bayan wata shida zuwa shekara saboda ƙarfinsa na raguwa tun yana ci. Mu raga kawai za mu buɗe.

Akwatin gilashi a rana kuma haɗari ne na daban, zafi yana taruwa a ciki ya kashe ta cikin ɗan lokaci. Har yanzu da safe nake fito da ita a kejin raga na wucin gadi, rabinsa a inuwa.

8 ga Disamba

Lahadi, na je Mirya. Wani mai lambu da ke sassabe ya ba ni rassan gwaba da na tsamiya da ya riga ya sare, aka ɗoro mini su a amalanke zuwa bakin hanya. Ban sa a sare mini komai a daji ba. Gawo dai kowa ya san ba a taɓa shi, ma'aikatan gandun daji suna kan aikinsu, kuma ina ganin daidai ne.

Reshe ya kai kaurin jikinta ko ya fi, da ɓawonsa don farce ya samu kamu. Aduwa ba ta shiga saboda ƙaya. Tumfafiya da aguwa, masu farin ruwan nan, guba ne, ko kusa da ragar ba zan bari su tsiro ba. Na kwarara wa rassan tafasasshen ruwa saboda ƙwari, suna shanye a rana. In sun bushe za a ɗaure su da noti a jikin ƙarfe, a jingine, ba a tsaye ba.

Kantoci uku za a yi. Na sama yana sashen rana, ya ɗara kan mutum tsayi. Iguwana hankalinta ya fi kwanciya in tana kallon mutane daga sama. A tsakiyar kanta akwai wani ɗan tabo mai haske, ido ne na uku da ba ya ganin siffa amma yana jin sauyin haske da inuwa. Inuwar shirwa in ta gifta sai ka ga ta karkata kai tana duban sama. Shi ya sa na hana yara miƙo mata hannu ta kai, ta gefe ake zuwa mata.

Na sayo dashen zogale na shuka a wajen ragar. A ciki ba zai kwana biyu da ganye ba.

21 ga Disamba

Sanyi ya sauka. Da asuba ma'aunin da na rataye a sabon ɗakin ya nuna digiri 14. Ita kuwa bai kamata dare ya sauko mata ƙasa da 22 ba. Jikinta ba ya yin nasa ɗumin. Ganyen da ta ci ƙananan halittun da ke hanjinta ne ke narkar da shi, kuma aikinsu sai jiki ya kai wajen digiri 30. In ta kwana cikin sanyi abinci ya tsaya, ciwon huhu ya biyo baya. A Fulorida ta Amurka, inda suka bazu a daji, in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 10 sukan sandare su riƙa faɗowa daga bishiya. Hunturunmu na iya kusantar haka a wasu darare.

Kafinta ya yi akwatin kwana: katako ninki biyu, a tsakani farin soson da ake naɗo firij da shi, ƙofa ƙarama da labulen bargo. An kafa shi a sama ƙarƙashin kwano, don a sama take son kwana. A ciki na sa ƙwan ɗumi na tangaran wanda ba ya haske, da na'urar da ke kashe shi in zafi ya kai. An yi masa kejin raga, saboda dabbobin nan sukan kwanta a jikin abu mai zafi har su ƙone ba su matsa ba.

Wuta kuwa ana ɗaukewa. Don haka akwai jarka ta ruwan zafi naɗe da tsohon bargo, ana sa ta bayan isha'i. Wani maƙwabci ya ce in sa kaskon gawayi a ƙasa. Na gode masa, amma hayaƙin gawayi a rufaffen wuri mutum ma yana kashewa.

Ina gwada akwatin ba kowa a ciki. Da ƙwan yana tsayawa a 25. Da jarka kaɗai yana kai asuba a 21 ko 22. Zan ƙara toshe bakin ƙofar kafin in sa ta.

11 ga Janairu, 2025

Ta tare. Kwanakin farko ta ƙi abinci, ta maƙale a bayan reshe tana bin kowa da ido. Haka suke in an sauya musu wuri, na hana kowa shiga sai ni.

Yanzu ta gane ɗakinta. Da hantsi takan fito daga akwati jikinta ya yi duhu, ta hau kanta na sama, ta baje haƙarƙari ta juya wa rana gefe. Duhun yana taimaka mata shan zafi da sauri. In ta ɗumama sai korenta ya dawo, ta sauko wajen kwano. Na auna kantan, yana kaiwa 35 zuwa 36, abin da ake nema ke nan. Jiya ta buɗe leɓar wuyanta ta gyaɗa mini kai sau da dama, alamar ta ɗauki wurin nata ne. Na ji daɗin haka ƙwarai. Hancin ma ya fara warkewa, don bulon ƙasa ya hana ta ganin waje balle ta riƙa dungura.

Ƙaramar ƴata ta zo da gudu, "Baba, tana mura, tana atishawa!" Na nuna mata farin busasshen abin da ke jikin raga. Gishiri ne. Iguwana ba ta gumi, ta hanci take fitar da gishirin da ya yi mata yawa.

Abinci: ganyen zogale, ganyen wake, ganyen dankali, lalo, kuɓewa ɗanya a yayyanke, kabewa a goge. Gwanda da mangwaro kaɗan, marmari ne. Abin da ake so kalsiyam ya ninka fosfaras a abincinta. Alayyafo da yakuwa ina ba ta jefi-jefi, don suna da sinadarin da ke riƙe kalsiyam ya hana jiki samu. Salati ruwa ne kawai, kabeji ma ba kullum ba. Duk ganyen lambu sai an wanke shi sosai saboda maganin feshi. Ba ta tauna, yanka take da haƙora ta haɗiye, saboda haka ana yayyanka mata.

Doka ga yara: ba shiga sai da ni, ba jan wutsiya don tana iya tsinkewa, kuma wanda ya taɓa ta ko kwanonta ya wanke hannu da sabulu. Na goye ba ya zuwa wurin sam. Kwanonta da tsintsiyarta da bokitinta daban suke.

2 ga Fabrairu

Ga inda aikin gaske yake. Ma'aunin laima yana nuna ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Dajin da ta fito laimarsa kashi 70 ne zuwa sama. Mu kanmu leɓe na tsagewa, ƙafa na faso, ina ga dabbar bakin kogi.

A jikinta na fara gani. Tana saɓa, amma tsohuwar fatar ta ƙi fita a yatsu biyu da ƙarshen wutsiya da wasu ƙayoyin bayanta. Irin wannan in ta bushe takan zama zobe ta shaƙe jini har yatsa ya mutu. Na jiƙa ta a ruwa mai ɗumi, na murza a hankali da yatsa, wadda ta saki ta fita, wadda ta ƙi na bar ta sai gobe. Ba a fizga. Abin da ya fi wannan ban tsoro ba a ganinsa: ƙishirwa ta yau da gobe tana cin ƙoda shiru. Ina duba kashinta kullum. Farin da ke fita tare da shi in yana da laushi lafiya, in ya yi tauri ya koma rawaya ruwa ya yi ƙaranci.

Ɗakin raga a Damagaram ba zai taɓa riƙe laima kashi 70 ba, ko tanki aka juye masa. Don haka na daina tunanin jiƙa ɗakin duka, na koma yi mata lungu ɗaya mai laima da za ta shiga in ta so. A kusurwar da ke ƙarƙashin kwano na rataya buhunan algarara ta gefe biyu. A sama akwai jarka da siririn tiyo mai ƙananan huji, ruwa na ɗiga a kan buhunan a hankali. A ƙasa randa biyu cike da ruwa, an rufe bakinsu, jikinsu na tsattsafowa. Aikin da randa ke yi wa ruwan sha shi buhun ke yi wa iskar lungun, yana sanyaya ta yana jiƙa ta. A nan ma'aunin yana hawa wajen 50, wani lokaci ya ɗara in iska ta kwanta. Na gan ta tana zuwa ta kwanta a can bayan azahar.

Sai baho. Na fasa gina kwatami na siminti da na yi niyya, saboda iguwana tana son yin kashi a ruwa, dole a zubar kullum. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma kowa ya san yadda ake kwana jiran famfo ko a bi ƴan garuwa. Ba zan iya kallon maƙwabta suna layi da jarka ni ina zubar da kwatami kullum ba. Babban bahon roba ya isa, ruwa iya kafaɗarta, bokiti ɗaya. Wanda aka zubar bedi ke sha.

Na sayi famfon feshi sabo fil, na rubuta a jikinsa kada a taɓa zuba masa magani. Ina fesa mata da hantsi bayan ta ɗumama, tana lasar ɗigon da ke hancinta. Da yamma ba na yi, kada ta shiga daren sanyi a jiƙe. Ganyenta ma da ruwan wankinsa nake zuba mata, don mafi yawan ruwan da take samu daga abinci ne.

Asabarin gabas a sauke yake duk ranar da ƙura ta taso.

15 ga Maris

Muna cikin azumi, ita ma ta rage ci, amma nata dalilin daban. Cikinta ya cika, ana ganin ƙulli-ƙulli ta gefe, ƙafafu da gindin wutsiya sun ɗan rame, kuma ta sauko ƙasa tana tonon kowace kusurwa. Ƙwai ne. Macen iguwana tana yin ƙwai ko ba namiji, sai dai ba ya ƙyanƙyashewa. In ba ta samu wurin haƙa ba takan riƙe shi a ciki, kuma hakan na iya kashe ta.

Na buɗe ramin da Baba magini ya bari. Na cika shi da yashi da jar ƙasa, na yayyafa ruwa har ya zama in ka dunƙula yana kamawa, yadda rami ba zai rufta mata ba. Na mayar da katakon, na bar ƙofa daidai jikinta. Likitan dabbobi ya zo ya duba ta. Ya ce aikinsa ya fi yawa a kan shanu da awaki, amma ya tattaɓa cikin da natsuwa, ya ba ni garin kalsiyam in riƙa barbaɗawa a ɗan abin da take ci, tunda ɓawon ƙwan daga jikinta yake ɗiba. Ya ce in ta yi lakwas ko tana yunƙuri ba abin da ke fita, in kira shi ko da dare ne.

6 ga Afrilu

Alhamdu lillahi, ta sauke. Ta shige ramin ta daɗe, ta fito fata duk ta yamutse, ta mayar da ƙasa ta daddanna. Ta sha ruwa a baho, abin da ba ta saba yi a gabana ba, ta cinye kwanon zogale da kabewa. Sai da ta hau sama na tona. Sun haura 30, farare, ɓawonsu da laushi. Iguwana takan yi daga 20 har 70. Na kwashe na binne can nesa. Zan ci gaba da kalsiyam har ta mayar da jiki.

27 ga Afrilu

Yau da tsakar rana inuwar mutum tana ƙarƙashin ƙafarsa. A inuwar zaure ma'auni ya nuna 43. Wannan ne lokacin da na gina ɗakin domin shi, kuma rufin ya yi abin da aka zata: rana ba ta shiga ta kudu, sai abin da ya sauko ta sashen raga. Shi ma daga ƙarfe goma sha ɗaya nake ja masa zana har bayan la'asar, don ƙarfen yana zafin da hannu ba ya iya riƙewa. Rana ta safe ta ishe ta. Tun kafin tara ta gama sha ta sauka.

Lungun algarara yana tsayawa tsakanin 33 da 35 muddin buhunan na jiƙe, amma jarkar da ke kai yamma a Fabrairu yanzu kafin azahar ta ƙare. Na sa babba, kuma maiɗakina na duba ta in ba na gida. Alamar da na ce a lura da ita: in ta buɗe baki tana haki, zafi ya yi mata yawa, a fesa mata ruwa nan take a duba buhunan. Ruwan baho na mayar da shi inuwa, ana sauya shi da rana in ya yi ɗumi.

Katangar yamma da ta taimaka a hunturu yanzu tana amayo zafi har tsakar dare. Na shafe bayanta da farar ƙasa, na jingina zana ta waje da ɗan sarari, ya ragu. Akwatin kwana na cire masa ƙwan ɗumi da labule, ita ma ta ƙaurace masa, a reshe take kwana. Tururuwa sun gano kwanon abinci, na ɗora shi a cikin faranti mai ruwa.

Abin da ya rage kafin hadarin farko: a sa indararo a bakin kwano da ganga a ƙasa don tara ruwan sama, a ɗaure zanan rufi da waya don iskar gabas ba ta barin abin da aka ɗora kawai, a sauya asabari da tamfol, a zuba bokiti a gwada rariya. Ramin ƙwai kuma yana buƙatar murfin da ruwa ba zai shiga ba. Mai walda ya ce zai zo ranar Asabar ya auna bakin kwanon.